Shin Taron Masu Shayarwa Na Unguwa Yana Da Amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Gwammaja, ɗana na fari yana da wata huɗu. Wata ma'aikaciyar lafiya ta gayyace ni taron da masu shayarwa suke yi duk wata a gidan mai unguwa, inda aka ce kada in ba shi ko ruwa sai ya cika wata shida. Surukata ta ce hana jariri ruwa a zafin Kano zalunci ne, taron kuma al'adar Turawa ce. Shin in ci gaba da zuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Ki ci gaba da zuwa, sai dai kada ki ɗauki maganar Hajiya a matsayin gardama, domin tausayin jikanta ne ya sa ta faɗi haka.

Kusan kashi 87 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, saboda haka ranar da zafi ya tsananta, ke ce za ki yawaita shan ruwa, shi kuma ki yawaita sa masa nono. Cikin jariri ƙarami ne, duk ruwan da ya sha ya tare wurin nono, ga kuma haɗarin gudawa idan ruwan rijiya ne ko na 'yan garuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ake ba nono zalla, kuma a Arewa maso Yamma fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure.

Batun al'adar Turawa kuwa, gaskiya ne ƙungiyoyin waje irin su UNICEF suna tallafa wa waɗannan tarurruka, amma wani ɓangare na dabarar daga matan karkara aka koyo shi. A farkon shekarun 1990, ma'aikatan ƙungiyar agajin yara ta Save the Children sun auna yara a wasu ƙauyukan ƙasar Biyetnam, sai suka ga akwai gidajen talakawa tuburan da 'ya'yansu suke ɓul-ɓul. Da aka bi diddigi, ashe iyayen suna tsinto ƙananan jatan lande da ƙaguwa a gonakin shinkafa, su haɗa da ganyen dankali su zuba a abincin yaro, kuma suna ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Sai aka riƙa tara maƙwabta suna girki tare, kowace ta zo da nata ɗan abin, har suka ga 'ya'yansu suna ƙara nauyi da idonsu.

Irin wannan za ki tarar idan ɗanki ya cika wata shida. Kunun gero tsararo, wanda yawancinmu muka tashi da shi, yana cika ciki ne kawai. Za a nuna miki yadda ake soya gero da waken suya da gyaɗa a niƙa tare, a dama da kauri ta yadda ba zai tsiyaye daga cokali ba, a ƙara garin zogale, ko busasshen kifi, ko ƙwai, ko ɗigon manja. Daga wata shida zuwa takwas sau biyu ko uku a rana, daga wata tara sau uku ko huɗu, nono kuma yana nan. Ki nemi a koya miki auna damtsen yaro da zaren awo mai launi uku. Idan ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, sai asibiti ba tare da jinkiri ba.

Inda nake ganin shirye-shiryen suna yin tuntuɓe shi ne yi wa yarinya mai ɗan fari bayani ita kaɗai, alhali kunya ba za ta bar ta ta musa wa uwar mijinta ba, kuma kaka ce take riƙe da jariri tun daga wankan jego. Ki fara fahimtar da maigidanki, sannan ki roƙi ma'aikaciyar ta zo har gida ta gaishe da Hajiya, ta gayyace ta da bakinta. Idan hira ta yi daɗi, a tuna mata aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ma take cewa a kai ko a wuce.