Abin da ya sa ake ce wa atamfa Holan

Ka tambaye ni me ya haɗa atamfar matanmu da ƙasar Turawa har ake kiranta Holan. Ajiye almakashin nan tukuna, ɗana.

Asalin wannan rini daga tsibirin Jaba yake, a Indonesiya. Mutanen can sukan narka kaki su zana shi a jikin ƙyalle da hannu, sannan su tsoma a rini. Duk inda kakin ya zauna, rini ba ya kamawa. Turawan Holan ne suka mulke su, sai 'yan kasuwarsu suka ce bari su buga irinsa da inji, su sayar musu da araha. Kasuwa ta ƙi. Kakin inji tsattsagewa yake yi, rini ya bi tsagar ya bar siraran jijiyoyi a cikin zanen, su kuwa mutanen Jaba aibi suka gani. Da aka sauke kayan a gaɓar Gana wajen ƙarshen ƙarni na 19, jijiyoyin nan su ne mata suka so. Kamfanin Vlisco na garin Helmond a ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, har gobe shi ke buga Holan da Sufa da ake zubawa a lefe. Wadda iyayenmu ke kira Ingila kuwa, a da daga wajen Manchester take zuwa.

Mu ma mun yi tamu. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957 zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, ga auduga ana nomawa a nan ƙasar Gombe. Yana mini ciwo yau in shiga kasuwa in tarar galibin turamen daga Sin suke.

To, abin da ya shafi aikinka: in mace ta kawo turmi ta ce Holan ce, kada ka tsaya kan rubutun bakin zani, ana kwaikwayonsa. Juya bayanta. Ta kaki launinta ɗaya ne ciki da waje, ta roba kuwa bayanta a koɗe yake. Kuma kafin ka sa alli, shimfiɗa yadi shidan gaba ɗaya ka ga ina zanen ya fuskanta, don kada furen riga ya kalli sama na zani ya kalli ƙasa. Ka fara fitar da zani da ɗankwali, abin da ya rage ka yanka riga a ciki.