Adana kan gwanki da ɓauna: wane iri ya dace da gidajenmu?

Tambaya: Malam, daga Garwa ta Kamaru nake. Ina raka masu farauta da lasisi a dazuzzukan da ke kewaye da gandun Binuwai, ina ganin baƙi suna tafiya da kawunan gwanki da ɓauna don ado. Iri nawa ake yi, wanne kuma zai jure zafinmu?

Amsa: Ɗan'uwa, tun kafin wuƙa ta taɓa dabbar ake zaɓen iri, domin fiɗa ce ke yanke hukunci.

Wanda ka fi gani shi ne kai da wuya har kafaɗa. Ana jeme fatar da gashinta, a ɗora ta a kan siffar da aka yi da kumfar roba mai tauri, a sa idanun gilashi. Gwanki ya cancanci wannan wahala saboda baƙi da farin da ke fuskarsa. Sai dai yankanmu na maƙogwaro yana tsaga fatar daidai inda ido zai fara sauka, kuma ɗinkin ba ya ɓoyuwa sosai. Wajen fiɗa, a zagaye fatar ta bayan ƙafafun gaba, a tsaga ta bayan wuya, a juya kunnuwa da leɓɓa, a cika su da gishiri nan take. A zafin Maris, sa'o'i kaɗan sun isa gashi ya fara zuba, kuma ba ya komawa. Jimar bagaruwa da majemanmu suka saba ba ta dace a nan ba, don sukan fara tuje gashin.

Akwai mai cikakken jiki, yana cin kuɗi, yana kuma cin wuri. Akwai kuma buzu na shimfiɗa.

Ni dai shawarata ƙoƙon kai da ƙahoni kawai. A dafa shi a hankali ba tare da ruwan ya rufe ƙahonin ba, a kankare nama, a zare kuben ƙahon a wanke ƙashin ciki, in ba haka ba wari da tsutsa za su biyo baya. Kada a sa javel, wato ruwan bilic na wanki, yana cin ƙashi har ya rugurguje. Irin wannan ba shi da gashin da asu zai ci ko fatar da damina za ta sa wa fumfuna, kuma kan ɓauna ya fi kwarjini a haka.

Ka riƙe takardar ma'aikatar gandun daji ta kowane kai. Fitar da wasu dabbobin ƙasar waje yana buƙatar izinin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1973 kan cinikin namun daji da tsirrai.