Alukobon da fitilun LED a gaban ɗakin wasanni, akwai hatsari?

Tambaya: Salam injiniya. An ɗora min kula da ginin ɗakin wasan kwaikwayo a garinmu, ɗan kwangila yace a lulluɓe gaban da alukobon mai ƙyalli, a bi da fitilun LED ta bayansa. Hankalina bai kwanta ba don naji ance yana kama wuta. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, gara da ka tambaya tun ba a kafa ba. Kullum sai naji wani yace ai ƙarfe ne, ƙarfe baya cin wuta, wallahi maganar nan tana ɓata min rai. Falle biyu ne na alminiyom sirara, abin da ke tsakaninsu shi ne magana, a mai arha roba ce zalla, in ta kama narkewa take tana ɗiga, ratar da ke tsakaninsa da bango kuma ta dinga zuƙo iska wutar na hawa sama. Haka akayi a benen Grenfell na Landan a 2017, mutum 72 suka rasu. Toh kai ɗaki zaka gina da jama'a zasu cika cikin duhu, ƙofar fitarsu na ƙarƙashin wannan rufin, sannan a cusa waya da tiransifoman LED a inda ba mai gani balle ya gyara? Duk mai ce maka "haka kowa keyi" ka tambaye shi takardar gwajin wuta, zaka ga ya fara kame-kame.

Ka sa a yanko maka guntu ka duba bakinsa, in cikin baƙar roba ce ka kanga masa wuta a fili kaga yadda zai ɗiga. Ka nemi mai matakin A2 a gwajin wuta, wato wanda da ƙyar yake cin wuta, a sa shingen tare wuta cikin ratar da ke tsakaninsa da bango.

Ƙyallin ma matsala ne. Zauren kiɗa na Walt Disney a Los Angeles, wanda Frank Gehry ya zana aka buɗe a 2003, sai da aka goge wani ɓangaren ƙarfensa da samfefa a 2005 saboda yana mayar da rana cikin gidajen maƙwabta, ina ga ranar watan Afrilu tamu.

Ni da zaka ji tawa, jan bulo ko dutse ko filasta mai zanen gargajiya, fitila ruwan ɗorawa ta hasko shi daga ƙasa zanen ya fito, mai lambar IP65, wato wadda ƙura da feshin ruwa basa shigarta, saboda ƙurar hunturu da ruwan damina, tiransifoman kuma a akwatin ƙarfe a ƙasa inda mai gyaran wuta zai buɗe ba sai ya hau tsani ba.