Kar ka tsallaka teku sai ka san sunan ƙauyen

Yarona na ga saƙonka tun jiya da daddare. Kace matar nan ta New Jersey a Amurka da na turo maka aikinta na binciken asalin dangi ta ce kakan babanta daga Napoli ta Italiya ya zo, Joe ake kiransa, ya sauka Amurka wajen 1909, kuma kwana uku kenan kana juya rajistan haihuwa na birnin Napoli a Antenati, shafin intanet na tsofaffin rajistocin Italiya, baka ga ko mai kama da shi ba, kana tambaya ko dai takardun ne suka ɓata. To ka rufe wannan shafin tukunna ka huta da idonka, takardu na nan lafiya lau, kai ne ka yi gaggawar tsallaka teku.

Kaga idan jikokin ƴan Italiya suka ce maka "daga Napoli kakanmu yake" sau da yawa tashar jirgin ruwa suke nufi su kansu basu sani ba. Napoli, Genova, Palermo, nan ne ake hawa jirgi. Mutum zai fito daga wani ƙauye can saman dutse a Avellino ko Benevento ko ma Calabria, ya zo Napoli ya hau jirgi, idan ya isa Amurka aka tambaye shi sai ya faɗi sunan garin da Bature ya sani don a bar shi ya sha iska, ƴaƴa su ji su riƙe, jikoki su mayar da shi tarihi. Kuma a Italiya babu wani ofishi guda ɗaya da aka tara haihuwar kowa da kowa ta wancan zamanin da zaka rubuta suna ya fito maka. Komai yana hannun comune ne, wato ƙaramar hukumar garin, kuma suna da su kusan 7,900. In baka da sunan comune ɗin to neman allura kake cikin ruwa. Shi kansa birnin Napoli tsofaffin rajistocinsa unguwa-unguwa aka raba su, sai ka ƙarar da wata guda a ciki kan mutumin da ƙila kwana biyu kacal ya yi a garin yana jiran jirgi.

Don haka aikin daga Amurka yake farawa, a koma baya a hankali. Da farko ka cire Joe daga kanka. Babu limamin coci ko magatakarda a kudancin Italiya da ya rubuta Joe, Giuseppe ne. Giovanni ya koma John, Vincenzo wani lokaci Vincent wani lokaci kuma James, abin da har yau yake bani dariya, Concetta ta zama Connie. A Ajantina da Birazil kuma Giuseppe ɗin nan José zaka same shi. Kuma matar zata ce maka wai a Ellis Island, tsibirin New York da ake tantance baƙi masu sauka, aka canza musu suna, kusan kowane kwastoma sai ya faɗi haka. Kar ka yi mata gardama da zafi amma ba haka bane, takardar fasinjojin jirgi tun a tashar da aka taso ake cike ta, ma'aikatan Ellis Island dubawa kawai suke yi suna tambaya da tafinta. Mutanen ne da kansu suka sauya daga baya, a wajen aiki ko makaranta, don kar a yi ta karya musu suna.

Sa'ar da ka yi ita ce shekarar. In da gaske 1909 ne to ka faɗa lokaci mai kyau, domin daga 1906 takardar jirgi ta fara ɗaukar garin da aka haifi mutum, daga 1907 kuma aka ƙara sunan ɗan'uwa mafi kusa da aka baro a gida da inda yake zaune. Wannan layin wallahi ya fi komai daraja a takardar, zaka ga an rubuta uba wane, ƙauye kaza, ko mata wance. Amma ka kula, takardun waɗannan shekarun shafi biyu ne, garin haihuwa yana can ƙarshen shafi na biyu, yara da yawa shafin farko kawai suke buɗewa su rufe su ce babu. Ka ƙirga lambar layin mutuminka ka bi ta zuwa shafi na gaba, da rula ko takarda a kan sikirin in ta kama, don layukan suna zamewa ka ɗauki garin maƙwabcinsa. Ka kuma duba mutanen da ke sama da ƙasa da shi, ƴan ƙauye ɗaya tare suke tafiya, kuma wajen wanda ya riga su zuwa suke sauka. Idan zaka nemi matarsa kar ka neme ta da sunan miji, macen Italiya da sunan gidan ubanta take a takardun hukuma har ta mutu, da shi take hawa jirgi, sai kaga uwa da suna daban yaran da ke ƙarƙashinta da suna daban.

In jirgi bai baka ba akwai takardar zama ɗan ƙasa, wadda daga ƙarshen Satumba 1906 ta zama fom iri ɗaya a duk Amurka mai ɗauke da garin haihuwa da ranar sauka. Akwai katin rajistar soja na 1917 da 1918, da na dattawa na 1942. Akwai cocin Katolika na unguwarsu, rajistan aure na coci sau da yawa yana faɗin inda aka yi wa ango da amarya baftisma. Ƙidaya kuwa Italy kawai zata ce maka, amfaninta shekarar zuwa da sunayen yara. Kuma ka tambayi matar ta buɗe tsohuwar akwati, bayan hoto, ambulan mai hatimin gidan waya, ɗan katin waliyyin da kakarta take ajiyewa, tunda kowane ƙauye da waliyyinsa da ranar bikinsa.

Sunan garin ma in ya fito kar ka yi tsalle. Rubutun hannu ne na wanda ya ji da kunne, kuma garuruwa masu suna iri ɗaya sun yi yawa, Sant'Angelo dei Lombardi yana Avellino, Sant'Angelo a Cupolo yana Benevento, su San Giovanni da Castelnuovo kuwa ba a magana. Wani lokacin kuma abin da aka rubuta ba comune bane, frazione ne, ƙaramar unguwa a ƙarƙashin wani gari. In lardi kawai ka samu sai ka nufi liste di leva, jerin samarin da aka yi wa rajistar soja shekara-shekara, suna Archivio di Stato, wato gidan adana takardun gwamnati na lardin.

To sai yanzu zaka koma Antenati da FamilySearch, shi ma shafin binciken asalin dangi ne. A kudu rajistan gwamnati ya fara tun 1809 zamanin mulkin Faransawa, Sisili kuma 1820, bayan haɗewar ƙasar a 1861 aka kawo tsari ɗaya daga 1866, Veneto da Roma suka shigo wajen 1871. A arewa wurare da yawa tsakanin 1815 da 1866 coci ne ke riƙe da littafin, su kuwa coci tun bayan taron shugabannin Katolika na Trento na 1563 aka wajabta musu rubuta baftisma da aure, da Latin. Ka fara da indas, wato jerin sunaye, na ƙarshen littafi, wasu garuruwan ma suna da na shekara goma-goma. Takardar haihuwa kwanan watan da ke sama ranar da uba ya zo ya faɗa ne, ainihin ranar haihuwa tana can tsakiyar rubutun, kuma duk lambobi da kalmomi ake rubuta su, sai ka haddace ƙirgan Italiyanci dole. Idan kaga 7bre kar kace Yuli, Satumba ne, 8bre Oktoba, 9bre Nuwamba, Xbre Disamba. Idan kaga "di" kafin sunan uba yana raye, "fu" kuma marigayi ne, harafi biyun nan kaɗai suna iya gaya maka tsakanin wace shekara da wace mutum ya rasu. Ka leƙa gefen takardar ma, nan ake ƙara rubuta wa ya aura da yaushe.

Yanzu bari in faɗa maka inda ni na sha ƙasa, don nan ne nake tsoron ka. Al'adarsu ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba ake sa masa, ƴar fari sunan kaka, na biyu kuma na wajen uwa. To ka lissafa, dattijo ɗaya da ƴaƴa maza huɗu, kowanne ya haifi namiji, kaga Giuseppe huɗu kenan masu sunan gida ɗaya a ƙauye ɗaya cikin shekaru biyar ko shida. Farkon shigata aikin nan na samu Giuseppe na, shekara ta yi daidai, gari ya yi daidai, na bi shi baya har kakanni biyar na kai 1700 da wani abu, na shirya rahoto mai kyau har da zanen bishiya. Ana gobe zan tura na buɗe littafin mutuwa don wani abu daban, sai ga yaron nan ya rasu yana da shekara biyu. Na gaskiyan ɗan baffansa ne, sunan uwa ne ya raba su, kuma sunan uwar yana nan a takardar aurensa ta Amurka da ban damu na nema ba. Wata biyu na aiki ya tafi, ban karɓi ko sisi a kai ba. Tun daga ranar ban yarda da mutum sai sunan uba da na uwa sun haɗu a ɓangarorin teku biyu, kuma sai na duba littafin mutuwa na shekarun da suka biyo, domin idan yaro ya rasu sunansa ake mayar wa wanda aka haifa bayansa.

In Allah ya sa iyayensa a garin suka yi aure ka nemi processetti, wasu wuraren allegati suke cewa, takardun da ake haɗawa kafin a ɗaura aure. Ciki akwai haihuwar ango da amarya, in uba ya rasu da takardar mutuwarsa, wani lokaci har ta kakan. Fayil ɗaya ya kai ka baya tsara uku. Idan kuma ka ci karo da an rubuta iyaye ba a san su ba, da suna irin Esposito a Napoli ko Proietti wajen Roma ko Trovato a Sisili, ƙila tsintacce ne da aka ajiye a ƙofar gidan marayu, layin nan ya tsaya kenan a takarda, ka faɗa wa mai aikin da lallashi. Sunan kaɗai ba hujja bane, ƙila tun kakan kakansa abin ya faru.

Maganar fasfon Italiya kuma in ta taso, tunda da yawansu shi suke hari, kar ka yi mata alkawarin komai, a 2025 Italiya ta ƙuntata dokar zama ɗan ƙasa ta hanyar gado ta koma kan iyaye da kakanni, ita kuma nata kakan uba ne, wannan sai lauya.

Gobe ka kira ta ka tambayi sunan matar Joe na gidan ubanta, da cocin da suka yi aure, da sunayen ƴaƴansu a jere daga babba zuwa ƙarami. Ka nemo min takardar jirgin shafi biyun duka ka turo kafin la'asar mu karanta sunan garin tare.