Rakena ya yi tsayi ya yi kore shar, amma babu zaƙi, ko yuriya ce ta jawo?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Rakena yanzu watansa tara, na zuba yuriya sau uku, na ƙarshe a wata na bakwai. Ya yi tsayi sosai ganyen kore shar amma da na yanko na sha sai na ji shi salam, ruwa ne kawai, wani gefen ma ya kwanta. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya zubin nan na wata bakwai shi ne ya yi maka wannan aikin. Naitirojin, wato sinadarin da ke cikin yuriya, abincin ganye ne da toho, kuma rake yana neman sa ne tun yana ƙarami, watanni uku zuwa huɗu na farko lokacin da yake fitar da 'ya'ya yana kafa gaɓoɓi. In ya doshi nuna so ake naitirojin ɗin ya ja baya, ganye ya ɗan dushe, sai raken ya daina gina jiki ya koma tara suga a cikin kara. To kai a daidai lokacin ka sake tura masa, shi kuma ya ga abinci ya ci gaba da girma, sugan da ya kamata ya ajiye ya kashe shi wajen sabon ganye. Leƙa gindinsa, na tabbata za ka ga wasu 'yan toho masu kauri da taushi da suka fito a makare, waɗannan ba za su nuna ba kafin yanka, rage maka zaƙi kawai suke. Kwanciyar ma duk daga nan ne, kara ya yi laushi sama ta yi nauyi, kuma irin wannan karan tsutsa ta fi saurin hudawa.

Wani abin da mutane ba sa so su ji shi ne, ba duk abin da ka zuba rake yake sha ba, sau da yawa ko rabi ba ya kaiwa. Buhun yuriya mai kilo 50 naitirojin ɗin da ke ciki kilo 23 ne, tunda kashi 46 cikin ɗari ne. In ka watsa ta a saman ƙasa mai ɗanshi rana na duka, musamman kan busassun ganyen rake, cikin 'yan kwanaki wani kaso mai yawa ya zama iskar amoniya ya tashi, wani lokacin har warin za ka ji. A ƙasa mai yashi ruwa ne ke wanke shi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa, inda ruwa ke kwanciya kuma saiwar ce ba ta samun iska, ga taki a gabanta amma ba ta iya ja. Saboda haka a tona gefen layi, a zuba, a rufe da ƙasa, sannan a yi ban ruwa daidai misali. Raba takin kashi biyu ko uku, ka kammala kafin raken ya wuce wata huɗu, daidai lokacin tura masa ƙasa a gindi. Gyauro, wato raken da ya sake tohowa daga tsohon gindi, ya fi sabon dashe cin naitirojin kuma shi da wuri ake ba shi bayan yanka.

Ban ji ka ambaci NPK ba, wato takin da ya haɗa naitirojin da fosfaras da fotash, kuma wannan ma ya dame ni. Rake yana jan fotash kamar yadda yake jan naitirojin ko ma fiye, fotash ɗin ne ke taimakawa suga ya sauko daga ganye zuwa kara, fosfaras kuma lokacin dashe ake sa shi don saiwa. Sannan ba kowane rawayan ganye ne yunwar yuriya ba: in tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara rawaya to naitirojin ne, in sababbin na sama ne, duba wajen ƙarancin sinadarin salfa ko na ƙarfe.

Na bana dai kar ka ƙara ko ƙwaya ɗaya. Jinkirta yankan, ka rage ban ruwa 'yan makonni kafin lokacin, ka fizge tohon nan na gindi, kana yanko ɗaya kana ɗanɗana gaɓar sama da ta ƙasa, ranar da zaƙinsu ya kusa zama ɗaya sai ka sa adda.