Nastushiyam ɗinka ya ƙoshi da yawa

"Maigida, nastushiyam ɗin nan, furen adon da na shuka a gindin katanga ya cika wuri da ganye shar, amma fure bai fi a ƙirga ba. Taki na ba shi, ruwa bai taɓa yanke masa ba. Me ya rage?"

Ɗana, takin ne ya hana ka fure. Na ga kashin kajin da ka zuba a gadon nan, ka kuma bi shi da yuriya kamar mai noman alayyafo. Wannan tsiro idan ya samu ƙasa mai ƙarfi sai ya zuba ƙarfinsa duka a ganye, ɗan furen da ya fito ma ganyen ya rufe shi. Ƙasa mai yashi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta yake so. Daga yau kada ka ƙara masa komai. Ka bari saman ƙasar ya bushe kafin ka yi ban ruwa, ka tsinke manyan ganyen da suka yi wa tohon furen rumfa.

Sai maganar lokaci. Asalinsa daga tsaunukan Andis ne, wajen Peru da Bolibiya, inda iska ke da sanyi. Zafin bazararmu ba ya ɗaukarsa. Mu a nan sai damina ta ɗauke, wajen Nuwamba, mu shuka, ya yi mana ado cikin hunturu. Da Maris ya kama za ka ga ya fara yaushi. Mutanen Jos sun fi mu more shi, sanyinsu ya fi namu daɗewa. Ka ba shi ranar safe, inuwa ta same shi da azahar.

Kuma na lura dasawa ka yi. Ba ya son a taɓa masa saiwa. Ƙwayar tana da girma, ka tura ta inda kake so ta zauna, zurfin gaɓar yatsa, ka rufe. Cikin mako 1 zuwa 2 za ta tsiro.

Ka riƙa duba bayan ganye, darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, na sonsa ƙwarai. Shi ya sa wasu masu lambu ke shuka shi kusa da kabeji, ƙwarin su taru a kansa su bar kabejin. Idan sun yi yawa a reshe, yanke shi kawai ka fitar daga lambun.

Kana iya ɗanɗana ganyen da furen, ana cin su, suna da ɗan yaji, muddin ba ka yi feshi ba.

Yana da dangi. Akwai mai ƙaramin fure rawaya da ke hawa shinge, akwai kuma mashuwa, wanda mutanen Andis ke nomawa don saiwarsa kamar dankali. Wannan na biyun kada ka ɓata kuɗinka a kansa, sanyin kan tudu yake nema. Idan furen naka ya kaɗe, ka tsince ƙwayoyin da suka faɗo ƙasa, ka shanya su a inuwa, irin baɗi ke nan.