Kyamarar taki ce, asusun ma ya zama naki

Wata 'yar'uwa da ke aiki a ƙasar waje ta rubuto mana cikin damuwa. Gini take yi a gida, tana so a sa kyamara a bakin ƙofa da wurin ajiye kayan aiki, ta riƙa dubawa ta wayarta. Yayanta ya samo mai haɗawa, mai haɗawar kuma ya ce zai buɗe asusun kyamarar da imel ɗinsa ya turo mata kalmar sirri. 'Yan gida kuwa sun ɗau fushi, wai ta mai da su ɓarayi.

'Yar'uwa, kada ki yarda da tsarin mutumin nan. Kyamarori da yawa, asusun da aka fara haɗa su da shi ta lambar QR da ke jikinsu, shi suka sani a matsayin mai su. In nasa ne, zai iya goge abin da aka naɗa, ya cire ki, ya ƙara wanda ya ga dama. A wasu ma, danna ɗan maɓallin sake saiti ba ya raba su da asusun farko. Na sha ganin waɗanda suka sayi kaya da guminsu, aka ɗan samu saɓani, sai ga su suna roƙon mai haɗawa ya buɗe musu, shi kuma yana neman ƙarin kuɗi.

Ki sauke manhajar kamfanin da ya ƙera kyamarar da kanki, ki buɗe asusu da imel ɗinki, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da wata lamba da za ta zo miki kafin a shiga. In dole sai an shiga asusun da wayar da ke kusa da kyamarar, ki ba da kalmar sirri ta wucin gadi, ana gamawa ki canza ta. Yayanki ki ba shi izinin kallo kawai.

In an ce za a buɗe wata kafa a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, don ki shiga kyamarar kai tsaye, ki ce a'a. Kyamarori da rautocin da aka bari a buɗe da kalmar sirrin masana'anta su ne manhajar ɓarna ta Mirai ta mamaye a 2016. Manhajar kamfanin ta ishe ki. A sa katin ajiya a ciki don ta ci gaba da naɗa in intanet ya yanke, a kuma haɗa kyamarar da rautar duka a kan batir.

Maganar fushin 'yan gida kuwa, ina bayanki. Ke kike tsayuwar aiki cikin kaɗaici kina turo kuɗi, son ganin inda suka shiga ba laifi ba ne, kuma mai riƙon amana ba ya tsoron a duba. Amma ki kira Yaya da kanki ki yi masa bayani cikin ladabi, kada ya ji a bakin wani. Ki sanar da kowa inda kyamarar take kallo, ki kashe na'urar ɗaukar murya, kada kuma a juya ta zuwa ɗakin kowa ko gidan maƙwabta.